Gautsin Ƙarfe: Yadda Sabon Jirgi Ya Rabe Biyu Yana Ɗaure a Bakin Ruwa

Duk wanda ya saba ratsa layin masu sayar da ƙarfe, a Maraɗi ne ko Jibiya, a Ƙonni ne ko Illela, ya san kalmar da ake yabon haja da ita, wato tauri. Mai saye ya ɗaga rodi ya jijjiga, ya buga shi da ƙasa, mai kaya kuma ya ce masa, "Alhaji, ai wannan ko ƙarti goma ba su lanƙwasa shi." Sai ciniki ya faɗa. To amma a wurin injiniyoyi irin wannan yabo fuska biyu gare shi. Akwai ƙarfen da yake da wuyar lanƙwasawa saboda nagartarsa, akwai kuma wanda ba ya lanƙwasa saboda gautsi ne da shi. Na farkon, idan nauyi ya fi ƙarfinsa, zai saki jiki a hankali, ya karkace, ya yi kuka, ya ba mutane damar gudu ko sauke kaya. Na biyun kuwa yana nan sumul har zuwa daƙiƙar ƙarshe, sai dai a ji ƙas! ya rabe biyu kamar busasshen kara.

In da ido ne kawai, ba a bambance su. Turawa ma, da duk manyan makarantunsu, sai da suka yi asarar jirage da gadoji da rayukan jama'a kafin su gano inda gizo ke saƙa. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu wannan labari, domin abin da aka koya a cikinsa ya shafi mai tirela, ya shafi mai kayan gini da mai kayan gyaran mota, har ma da mai sayar da jarkoki.

Sabon jirgi, ruwa a kwance

A daren 16 ga watan Janairu na shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani sabon jirgin dakon mai da ake kira Schenectady yana ɗaure a bakin kogi a birnin Portland na ƙasar Amurka, a ma'aikatar da aka ƙera shi. Tsawonsa ya kai mita 159. Bai daɗe da dawowa daga gwaji ba. Babu guguwa, babu igiyar ruwa, babu abokin gaba a kusa, sai dai tsananin sanyi. Kwatsam aka ji wata ƙara wadda ta kai har wajen kilomita ɗaya da rabi. Ko da ma'aikata suka garzayo sai suka tarar jirgin ya tsage tun daga daɓen sama, tsagar ta gangara ta ɓangarorin nan biyu har kusan ƙasa. Goshi da gindi sun nutse sun dafa ƙasan kogi, tsakiyar kuma ta yi tozo ta fito daga ruwa, farantan ƙasa kaɗai suka rage suna riƙe da shi. An ɗinke shi ya koma aiki cikin ƴan watanni, amma tambayar da ya bari ta daɗe tana hana masana barci.

Ba shi kaɗai ba ne. A lokacin jiragen Jamus masu nutso suna hallaka jiragen kaya a tekun Atlantika fiye da yadda Ingila ke iya ƙera sababbi, don haka Amurka ta ɗauki nauyin ƙera su da gaggawa. Mafi shahara cikinsu su ne waɗanda aka laƙaba wa suna Liberty. Daga 1941 zuwa 1945 an ƙera guda 2,710 a ma'aikatu 18, kowanne na iya ɗaukar kaya kimanin tan 10,000, wato lodin tirela mai tan 30 fiye da 300. Da aiki ya kankama, jirgi ɗaya kan ɗauki kwana 42 a matsakaici, kuma a watan Nuwamba na 1942 an haɗa wani mai suna Robert E. Peary cikin ƙasa da kwana biyar don nuna bajinta.

Sirrin wannan sauri shi ne walda. Kafin nan, ana haɗa farantan jikin jirgi ne ta hanyar ɗora bakin wannan a kan wancan, a huda, a dasa ƙusoshi masu kai biyu da zafinsu. Aiki ne mai cin lokaci da ƙarfe, mai buƙatar ƙwararru. Walda kuwa ana iya koya wa mutum cikin ƴan makonni, kuma haka aka yi, aka ɗebo dubban sababbin ma'aikata maza da mata waɗanda ba su taɓa shiga ma'aikatar jirgi ba.

Sai jirage suka fara tsagewa. A tsawon yaƙin an ƙidaya manyan tsagogi kusan 1,500 a jiragen da aka ƙera ta wannan hanya. Guda 12 sun rabe biyu ba tare da wata alama ba, uku daga ciki Liberty ne. Ɗaya daga cikinsu, John P. Gaines, ya karye a tekun da ke kusa da Alaska ranar 24 ga Nuwamba 1943, mutum 10 suka rasu. Dole a yi adalci a ce mafi yawan jiragen sun yi aikinsu lafiya, wasu ma sun kai shekara ashirin da ɗoriya suna dako bayan yaƙi. Amma matuƙin da ya san jirginsa na iya ɓallewa a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ko harsashi ya taɓa shi ba, lissafin yawan waɗanda suka tsira ba zai sanyaya masa rai ba.

Kamar yadda aka saba a ko'ina, ƙaramin ma'aikaci aka fara ɗora wa laifi. Aka ce masu walda ne ba su iya ba. Akwai gaskiya a ciki, domin an sami ɗinki marar kyau da yawa. Sai dai wata malama a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Constance Tipper, ta karɓi guntayen ƙarfen jiragen ta yi ta gwaji a kansu, ta nuna cewa babbar matsalar tana cikin ƙarfen kansa. Wannan ƙarfe yana da wani mizani na sanyi. Sama da shi, in aka doke shi sai ya lotsa ya lanƙwashe. Ƙasa da shi, ƙarfen nan guda sai ya koma kamar tangaran. Ruwan arewacin Atlantika da na Alaska a lokacin hunturu yana ƙasa da wannan mizani, shi ya sa mafi munin karaya ta faru a can.

Da aka bi sawun tsagogin kuma sai aka ga da yawa sun taso ne daga kusurwar ƙofofin da ake zura kaya ta cikinsu, waɗanda aka yanka da kaifin kusurwa kamar bakin akwati. Ga kuma lodi, domin a lokacin yaƙi sau da yawa ana ɗora wa jiragen fiye da ƙa'ida. Walda ta ƙarasa aikin ta wata hanyar da ba a zata ba. A jirgin ƙusa, idan tsaga ta taso, tana isa ƙarshen farantinta sai ta tsaya, don faranti na gaba wani jiki ne daban. A jirgin walda kuwa duk jikin ya zama abu guda, babu inda za ta ci birki, kuma a cikin ƙarfe mai gautsi tsaga na iya gudun kilomita ɗaya ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Maganin da aka yi ya bi waɗannan dalilai ne: aka mai da kusurwoyin ƙofofi masu zagaye, aka ƙara musu ƙarfi, aka dasa wasu ɗamaru na ƙarfe da ƙusa a jikin jirgi don su tare tsaga, daga baya kuma aka gyara haɗin ƙarfen da kansa, aka ƙara masa sinadarin manganis, aka rage kabon da datti.

Mai yadi ya riga su sani

Me ya sa kusurwa ko ɗan ƙaramin tabo ke da wannan haɗari? Amsar tana rumfar mai yadi. Ka ba ƙato shadda ka ce ya yaga ta da hannu daga baki, zai sha wuya. Amma mai kaya sai ya ɗan datsa bakin da almakashi, abin da bai kai faɗin farce ba, ya fizga, ta kece fyat har ƙarshe. Mai rake ma haka yake yi, ya ɗan sara da wuƙa sannan ya karya a gwiwa. Mai yankan gilashi da mai tayil ba su yanka komai, layi kawai suke karta, su danna. Duk ƙarfin da aka sa yana taruwa ne a tsinin wannan ɗan tabo.

Turawa sun sa wa wannan lissafi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka san cewa rami mai zagaye a jikin faranti yana ninka nauyin da ke bakinsa sau uku. A 1913 wani Bature ɗan Ingila, Charles Inglis, ya nuna cewa gwargwadon tsinin ramin, gwargwadon yadda ninkin ke ƙaruwa, har ya wuce misali idan tsaga ce siririya. Sannan a 1921 aka buga aikin A. A. Griffith, wanda ya yi gwaji da gilashi. Ya ga cewa siririn zaren gilashi da aka ja sabo ya fi gilashin taga ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali abu ɗaya ne. Bambancin shi ne gilashin taga cike yake da ƙananan karce da ido ba ya gani. Ya fitar da ƙa'ida wadda ya kamata kowane mai mota ya riƙe: idan tsawon tsaga ya ninku sau huɗu, nauyin da zai karya abin ya ragu da rabi. Ke nan shasin da ya ɗauki tan 40 lafiya bara, ba shi ne shasin bana ba idan akwai tsaga tana tafiya a cikinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan tsagar ce da kanta ƙadangaren.

Ƙarfe mai kyau yana da maganin wannan a jikinsa. Idan nauyi ya taru a tsinin tsaga, naman wurin sai ya ɗan miƙe, tsinin ya dakushe, nauyin ya bazu. Mai gautsi ba ya iya miƙewa, don haka tsinin na nan da kaifinsa yana ci gaba. Wannan juriya ita ake aunawa da gwajin da wani Bafaranshe, Georges Charpy, ya gabatar a 1901. Ana yanko ɗan guntun ƙarfe mai tsawon milimita 55 da kauri milimita 10, a yi masa ɗan tsagi mai zurfin milimita 2, a sako masa wata guduma mai lilo, a ga yawan ƙarfin da ya shanye kafin ya karye. Masu sayo farantai da ƙarafan rufi daga Turai sun sha ganin rubutu irin S235JR ko S355J2 a takardar kaya. Lambar tana faɗin ƙarfinsa, haruffan ƙarshe kuwa sakamakon wannan gwaji ne: JR an gwada shi a digiri 20, J0 a sifili, J2 a digiri 20 ƙasa da sifili.

"Mu ai ba mu da irin wannan sanyi"

Mun san mai karatu zai ce wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce. Gaskiya ne sanyin hunturunmu, ko na Agadas da Bilma inda dare kan kusanci sifili, bai kama ƙafar na Alaska ba. Amma mizanin nan da Tipper ta yi magana a kai ba ɗaya ba ne ga kowane ƙarfe. Na ƙarfe mai tsabta yana can ƙasa sosai. Na ƙarfe mai datti yana hawa sama, har ya iso zafin da muke zaune a ciki.

Jirgin Taitanik da ya nutse a 1912 ya ba da shaida a kan haka. Da aka ciro guntun farantinsa daga ƙasan teku, masana a Amurka suka gwada shi suka buga sakamakon a 1998. Mizaninsa ya kama digiri 32 idan an yanko gwajin ta tsawon faranti, digiri 56 idan ta faɗinsa ne, alhali na ƙarfen zamani da suka gwada tare da shi digiri 27 ne ƙasa da sifili. Ƙarfen yana da farar wuta da fosforas da yawa, manganis kaɗan. Masu bincike na baya sun fi ɗora laifin nutsewar a kan ƙusoshin da suka ɓalle, amma abin da ya shafe mu shi ne lambobin. Ƙarfe irin wannan, ko a ranar kasuwa ta watan Afrilu a Maigatari, yana iya kasancewa a ɓangaren gautsi. Kuma ba sanyi kaɗai ke tura ƙarfe can ba. Duka na bazata, irin wanda mota mai lodi ke sha idan ta faɗa rami da gudu, yana yin haka. Kauri ma yana yi, domin ƙarfe mai kauri ya fi siriri saurin ɓallewa idan da tsaga a cikinsa, abin da ya saɓa wa tunanin yawancinmu.

Akwai wasu labarai biyu daga Amurka da suka kamata a ji. Na farko wata gada ce da ake kira Silver Bridge a kan kogin Ohio, wadda aka gina a 1928. An rataye ta ne da sarƙa ta dogayen sandunan ƙarfe masu ido a kowane kai, ƙarfe mai ƙarfi na musamman, don haka aka ga sanda biyu sun isa a kowace gaɓa. Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma, gadar cike da motocin masu komawa gida cikin sanyi, sanda guda ta ɓalle a wurin idonta. Ƴar'uwarta ta zame, gada ta rufta cikin kimanin minti ɗaya, mutum 46 suka mutu. Tsagar da ta jawo wannan zurfinta bai wuce milimita biyu da rabi ba, tsatsa da nauyi suka raine ta shekara da shekaru a wani lungu da ba a iya gani sai an kwance gaɓar. Motocin 1967 kuma sun ninka na 1928 nauyi. Bayan wannan ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji a kai a kai.

Na biyun ya fi kama da halin kasuwa. A birnin Boston akwai wani katafaren tanki, tsayinsa mita 15, na ajiyar ruwan rake mai kauri irin wanda ake mazarƙwaila da shi. Tun da aka gina shi yake yoyo, har yaran unguwa na zuwa da gwangwani suna tara. Masu shi, maimakon gyara, sai suka shafe shi da fenti mai launin ruwan raken don kada a riƙa gani. Ranar 15 ga Janairu 1919 ya fashe da lita kusan miliyan 8.7 a cikinsa, ya kashe mutum 21, ya jikkata kimanin 150. Binciken injiniyoyi daga baya ya nuna farantan sun yi siriri ƙwarai, kuma ƙarfen mai gautsi ne. A ganinmu duk mai sayen tsohuwar tanka, ko tirela, ko tukunyar gas da ta sha sabon fenti, ya kamata ya tambayi kansa abin da fentin ya rufe.

Rodi, walda da sifirin

Mu dawo rumfunanmu. Rodi shi ne inda wannan magana ta fi nauyi, domin shi ake binnewa cikin kankare, ba a ƙara ganinsa sai ranar da abu ya faru. Kankare kansa mai gautsi ne, yana jure danni amma ba ya jure ja. Aikin rodi shi ne ya miƙe idan an yi wa bene nauyi, ta yadda daɓe zai fara lotsawa, bango ya nuna tsaga, masu gida su ga alama su fita. Rodi mai gautsi ba ya ba da wannan dama. Lambobin da ake gani a takarda, kamar FeE400 da FeE500 a ɓangaren masu Faransanci, suna faɗin nauyin da rodi zai ɗauka kafin ya fara miƙewa ne kawai. Ƙa'idojin gini sun haɗa da wani sharaɗin, cewa a lanƙwasa shi a jikin wani turke har ya koma kamar ƙugiya ba tare da bayansa ya tsage ba.

Da yawa daga rodin da ke yawo a yankinmu daga tsofaffin ƙarafa ake narko shi. Wannan ba aibi ba ne, manyan ma'aikatun duniya ma haka suke yi. Aibin yana wurin ma'aikatar da ba ta tantance abin da ta zuba a tukunya, ba ta auna haɗin kafin ta zuba. Idan tsohon sifirin da ƙarfen inji suka yi yawa, kabon ya hau, rodi ya fito da tauri mai burge mai saye, amma ya ƙi lanƙwasa. Ƙarfen gini na yau da kullum kabon ɗinsa bai kamata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari huɗu ba. Masu ɗaurin rodi a wurin gini su ne suka fi kowa sanin wane kaya ne ke karyewa a hannu, kuma ɗan kasuwar da ke son sunansa ya daɗe zai amfana da jin ta bakinsu. Kafin a sauke lodi guda, babu asara idan aka zaro sanda biyu ko uku daga ɗauri daban-daban, aka yanko kamu ɗaya, aka lanƙwasa, aka duba bayan gwiwar da kyau. Da yake ana naɗe rodi mai mita 12 gida biyu don ya shiga mota, wannan gwiwar ma shaida ce kyauta. In an ga ƙananan tsagogi a wurin, kayan sun riga sun faɗi abin da suke.

Sai walda. Maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa idan aka gasa ƙarfe mai kabon ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, yana yin tauri har ya yanki wani ƙarfen, amma in ba a sake ɗan gasa shi a hankali ba, bakin wuƙa ko na gatari zai ɓare. Abin da mai walda ke yi ke nan ba da saninsa ba idan ya gama ɗinki ya kwara ruwa don direba na sauri. Gefen ɗinkin ya yi zafi ya huce farat ɗaya, ya zama wani siririn layi mai gautsi. Shi ya sa sau da yawa ɗinkin kansa yana nan daram, karayar tana biyo gefensa. Sandar walda da ta sha raɓa ko damshin damina ita ma tana shigar da iskar haidirojin cikin ƙarfe, wadda kan tsaga shi bayan sa'o'i ko kwanaki, mota ta riga ta yi nisa a hanya.

Sifirin mota ƙarfe ne mai kabon da yawa wanda aka gasa aka daidaita a ma'aikata, shi ya sa maƙera ke son tsohonsa don yin adda da fartanya. Ɗinke shi da walda dabara ce ta fita daga daji zuwa gari, ba gyara ba ce. Haka shasin manyan motoci: kamfanonin da ke ƙera su suna gargaɗi kada a yi walda ko huda a leɓen sama da na ƙasa, domin nan ne nauyi ya fi taruwa. Amma ga shi kullum ana ƙara tsawon bodi, ana liƙa faci mai kusurwa huɗu masu kaifi, ana ɗinke shi ta ko'ina har da tsallaken leɓe, sannan a ɗora lodin da ya wuce ƙa'ida. Mai karatu zai lura cewa abubuwan da suka karya jiragen Liberty ne aka sake tarawa a wuri guda, sanyi kaɗai ya rage, ramukan hanya kuma sun maye gurbinsa. Wannan lissafi na mai mota ne da mai kaya baki ɗaya, domin in shasi ya karye tsakanin Dosso da Gaya, ba direba kaɗai zai kwana a daji ba, buhunan albasar ma za su kwana.

Masu kayan gyara kuma su dubi lambar da ke kan kusoshin ɗauri, 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Babbar lamba na nufin ƙarin ƙarfi, amma tana nufin ƙarancin haƙuri da tabo da tsatsa da ɗaurin da ya wuce kima. Yaron mota da ke zura bututu a hannun sifana ya hau kai yana tsalle don ya ɗaure taya, yana iya fara tsagar da za ta cire tayar bayan wata guda. Ƙarfen zubi, irin na faifan injin niƙa da gangar birki da gidan inji, kabon ɗinsa ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, gautsi halinsa ne, don haka jefo shi daga saman mota a lokacin sauke kaya na iya yi masa raunin da ba zai bayyana ba sai a hannun mai saye.

Roba ita ce abin da ranarmu ke yi wa abin da sanyi ya yi wa jirage. Hasken rana yana tsinka zaren da ke cikinta a hankali. Kujera, bokiti, bututun ruwa ko jarka da ta daɗe a shanye a bakin rumfa, launinta ya koɗe, in an shafa ta bar gari a hannu, ta riga ta fara mutuwa tun ba a sayar ba. Jarkar ruwa in ta fashe asarar ruwa ce. Ta fetur a bayan babur kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya.

Karaya tana da bakin magana

Idan abu ya riga ya karye, kada a yi saurin jefar da guntayen, kuma kada a goga fuskokin biyu da juna, domin a nan shaida take. Ƙarfen da ya miƙe kafin ya tsinke zai nuna wuyansa ya sirance, bakinsa ya karkace, launinsa toka-toka. Wanda ya ɓalle da gautsi fuskarsa a miƙe take, tana ƙyalli kamar ƙwayar sukari, kuma in an haɗa guntayen sai su zauna daidai kamar fasasshen faranti. Sau da yawa ana ganin wasu layuka kamar kan kibiya a jiki, tsininsu yana nuna inda tsagar ta faro. Idan kuwa wani sashe na fuskar ya yi santsi ya yi duhu ko tsatsa, sauran kuma sabo ne fil, to tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci kaɗan-kaɗan, ranar ƙarshe ce kawai ta ƙarasa. Rigingimu da yawa da ake kaiwa gaban sarkin tasha ko shugaban ƴan kasuwa, tsakanin mai mota da direba ko tsakanin dillali da mai saye, wannan duba na minti biyu zai iya raba su.

Kafin a kai ga karaya ma akwai dabaru marasa tsada. Mata masu sayen tukunya sun san a ƙwanƙwasa a saurara, lafiyayya tana amo, mai tsaga muryarta a dushe. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun shekara da shekaru suna bin ƙafafun tarago da doguwar guduma don wannan dalili. Akwai kuma tsohuwar dabarar da suka yi amfani da ita kafin zuwan na'urori: a kankare fenti da datti daga wurin da ake zargi, a shafa kananzir a bar shi ya jiƙa, a goge sarai, a shafa alli da aka dama a bar shi ya bushe, sannan a ɗan bubbuga da guduma. In da tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layinta a kan farin allin. Wuraren da suka fi cancantar wannan duba su ne gefen tsohuwar walda, kewayen ramukan kusoshi, mariƙin sifirin, da wurin da kan tirela ke haɗuwa da bodi. Makanikai kan huda ɗan rami mai zagaye a daidai tsinin tsaga don ya dakushe ta, kuma dabara ce mai tushe, sai dai a sauke lodi a kai mota gareji, domin ramin jinkiri kawai yake sayowa. Tukunyar gas ita ce ba ta cikin wannan lissafi: in ta tsage ko ta lotsa sosai ko tsatsa ta ci gindinta, ba a yi mata walda, kamfanin da ke cika ta ake mayar wa.